An Yaye Labule, An Yi Mata Dariya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwalejin Koyon Aikin Likita da nake karatu a cikinta, Alƙahira.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗaliba ce daga Katsina, ina aji huɗu, ina zaune a unguwar Darrasa. Ban sa sunana ba saboda tsoro.

Na ɗaya: a zangon da ya wuce an kira ni in yi tafinta ga wata Bahaushiya da ta zo jinya daga gida, ta sauka wurin innarta a unguwar Hadayek el-Maadi. Allah ya halicce ta mata-maza. Malamin da ke zagayawa da mu ya yaye labule ba tare da izininta ba, ya ce ɗalibai su matso su gani. Aka bushe da dariya, wani ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Ta damƙe hannuna, tana tambayata me suke cewa. Ba ta sake taka asibitin ba, alhali ciwon mararta na nan. Innarta ta ce ko ƙofa aka buga sai ta ɓuya, tana zaton hoton ya isa garinsu.

Na biyu: da na kai ƙara ofishin sashe, abin da na samu shi ne ma'alish, khalas, wato a yi haƙuri, magana ta ƙare. Tun daga nan saƙonni ke shigo mini, wai ina kare 'yan luwaɗi, za a sanar da mahaifina da masu ɗaukar nauyin karatuna. Wani ɗan ajinmu mai sanyin murya, da ake tsokana da ɗan daudu, ya daina zuwa lacca tun da aka yi masa barazanar kai shi wurin 'yan sanda. Ni ma yanzu sai na yi ta waige kafin in shiga layinmu.

Ranka ya daɗe, mun haddace jijiyoyi da ƙasusuwa, amma ba a taɓa koya mana yadda ake magana da irin waɗannan bayin Allah ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin gadon mata-maza da sallarsa cikin mutunci.

Ina roƙo a sa darasin da zai koya mana neman izini, rufa asiri da girmama duk wanda halittarsa ko ɗabi'arsa ta bambanta, malamai ma su zauna a ciki. A bi sawun hoton nan a goge shi. A ba mai kai ƙara kariya.

Ba da jimawa ba mu ne likitoci, daga mu sai majinyaci a ɗaki, ƙofa a rufe. Wannan ya fi kome ba ni tsoro.

Allah ya yi maka jagora, ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Wassalam.