Harawar da Aka Ce a Ƙona

Ringim, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Najwa,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya mutanen Dutse? Waken gwajin da kuka shuka a gonata an gama roronsa, abokan aikinki sun auna sun kwashe. Tunda nake ban taɓa ganin wake haka ba, ko tsutsa ɗaya babu, kuma ban yi feshi ba. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya, har da masu roƙon iri.

Sai maganar ƙona harawa da kika yi. Najwa, wa yake ƙona harawa? Gwaggonki Zuwaira ba ta da abin ba tumakinta tun rasuwar mijinta, na aika mata dami goma. Kada ki yi faɗa.

Baffanki, Habibullahi

Dutse, 3 ga Disamba

Baffa,

Ina gaisuwa da ladabi. Takardarka ta daɗe a hannun direba, sai jiya ta same ni, kuma hankalina ya tashi.

Laifina ne da ban yi maka bayani ba. An sa wa irin nan wani sinadari da yake hana tsutsa narkar da abin da ta ci, sai ta mutu da yunwa alhali cikinta cike. Dafuwa tana karya ƙarfinsa, amma tumaki ɗanye suke ci, kuma ba mu gwada ganyen a kan dabba ba tukuna. Don Allah a karɓo harawar daga wajen Gwaggo yau.

'Yarka, Najwa

Ringim, 20 ga Disamba

Najwa,

Bayan gaisuwa. Na je, amma saura dami biyu. Tumakin suna ci kamar ba gobe, haƙarƙarinsu kuwa kana iya ƙirgawa. 'Yan raguna uku sun mutu, uwarsu ba ta da nono. Ko cuta ce ta daban, Allah masani. Zuwaira dai ta kawo mini ruwa ta zauna tana kallon turken. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sauran na ƙona. Ban iya tsayawa kallon wutar ba.

Baffanki

Dutse, 4 ga Janairu

Baffa,

Ina gaisuwa, a kuma yi wa Gwaggo jaje. Likitan dabbobi zai zo ranar Laraba. Na rubuta duk abin da ya faru na miƙa wa shugabanninmu, an dakatar da gwajin. Shekara shida nake kan wannan irin, na yi kuka, amma ban yi nadama ba.

Abin da ya kwantar mini da hankali ɗaya ne: na sa hannu cewa ko ƙwaya ɗaya ba ta fita daga gonarka ba. Haka ne ko, Baffa?

'Yarka, Najwa

Ringim, 15 ga Janairu

'Yata,

Assalamu alaikum. Na daɗe da alƙalami a hannu.

Ranar roro, kafin mutanenku su iso, wani baƙo mai kai hatsi Garki ya roƙe ni iri. A gidanmu ba a taɓa hana mai roƙon iri ba, kakanki ma bai hana ba. Na zuba masa tiya guda a hularsa da aljihunsa. Ya ce zai raba wa 'yan uwansa.

Kasuwa biyu ke nan ina zuwa Garki nemansa. Ban tambayi sunansa ba.

Ki yafe mini.

Baffanki, Habibullahi