Riɗin da Na Ƙi Saya

Yaya Haruna,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali, ya zaman Jidda? Mu nan garin Suki a Sudan lafiya lau.

Ka tuna Baba ba ya sayen riɗin matsar mai sai ya ci fatur, abincin hantsi, da masu yankan riɗin? Haushi yake ba mu, ga rana. Kwanan nan na yi irin tasa a wata gona bayan Damazin. Muna cin kisra, gurasar nan ta dawa, wani dattijo cikin masu yankan ya raɗa mini cewa tsare su aka yi a gonar, ko Sallah an hana su zuwa gida. Na juyo ban saya ba, na sanar da hukuma.

Injina na matsar mai ya tsaya don rashin riɗi, amma yanzu na gane ba yunwa ke zaunar da Baba a cikinsu ba, so yake ya ji halin da suke ciki. Allah ya jiƙansa.

Ka sa mutanen nan a addu'a. Gai da yara.

Ƙaninka,
Isa