Ragowar Igiyar Baba Kudu

Unguwar Tunga, Minna,
17 ga Nuwamba.

Zuwa ga yayana Irimiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Mabel da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya tsare ka a wurin aikinka can Fatakwal. Mu nan lafiya lau muke. Ciwon ƙafar maigidana Josiah ya yi sauƙi, har ya koma hawa mashin duk da na hana shi. 'Yarka Dorothy tana nan wurina, ta koma karatu a jami'a, can Gidan Kwano. Ta yi baƙi ta rame saboda yawon bakin ruwa, amma cin tuwo kam ba ta rage ba. Ranar Asabar na dawo daga wurin Mama a ƙauye, ita ce ma ta sa ni wannan rubutu. Ta ce kada in kira ka a waya, don a waya to da to kawai kake yi ka kashe, takarda kuwa dole ka zauna ka karanta.

Maganar gonar doyar Baba ce. Ka tuna bara da ƙungiyar nan ta zo za ta kawo wutar sola ƙauyenmu, don ɗakin shan magani da famfon ban ruwa. Da suka zagaya suka auna, ba su ga shimfiɗaɗɗen fili kusa da ɗan dam ɗinmu ba sai gonarmu. Kai ka ce a bar musu, a dawo da Mama Minna ta huta. Yaya, ban ji daɗin wannan magana ba, kuma yau na faɗa maka. Na kai mata saƙonka yadda ka ba ni, kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Matar da ta yi shekara arba'in tana saɓo doya a kafaɗa daga wannan gona, me za ta zauna yi a ɗakina? Kallon fanka?

Dorothy ce ta miƙe a taron ƙofar mai gari ta ce tunda fili ake nema, ga filin da ba wanda ke nomawa, wato saman ruwan dam. Ta ce a ƙasashe da dama yanzu a kan tafkuna ake shimfiɗa farantan sola bisa robobi masu iyo. Sanyin ruwa yana sa farantan su fi aiki, inuwarsu kuma tana rage ƙafewar ruwa da rani. An yi mata dariya da farko, ni ma kaina na sunkuyar da kai don kunya. Amma mutanen ƙungiyar suka ce sun san abin, tsoronsu damina. Aka tsaya a kan za a gwada damina ɗaya: in farantan sun kai kaka lafiya, shi ke nan, in ruwa ya ci su, sababbin da za a kawo a gonar Mama za a kafa su. Daga ranar Mama ta ce ba za ta binne irin doyar Baba a ƙasar da ba ta san ko tata ba ce. Ta ari ɗan gefe a gonar maƙwabciyarta Magdalina ta shuka shi can, don kada irin ya ɓace.

A watan Maris aka yi aikin, lokacin ruwa ya ja baya sosai. Na je na gani da idona. Faranti sittin ne a jere, kwance a kan ruwa kamar an shimfiɗa tabarma. Aka jefa dunƙulen kankare huɗu a ƙasan dam, kowanne da igiyarsa mai kauri da ke riƙe kusurwa ɗaya don kada iska ta tafi da su. Wanda ya yi ta kai ma'aikatan da kwalekwale shi ne Baba Kudu, Banufen nan mai su, wanda ka sani tun kana yaro. Ya tsufa, haƙoransa sun zube, amma hannunsa na nan da ƙarfi. Da aka ɗaure igiya ta farko daidai tsawon da takarda ta ce, sai ragowa mai yawa ta saura. Wani ma'aikaci ya zaro wuƙa zai yanke, Baba Kudu ya riƙe masa hannu. Ya ce shi tunda ya fara shiga ruwa bai taɓa yanke ragowar igiya ba, a gidansu nannaɗe ta ake yi a ɗaure a jikin gora a bar ta tana iyo. Ya nuna musu tsohuwar kanyar bakin dam, ya ce su dubi busasshiyar ciyawar da ke maƙale a reshenta, sama da tsayin mutum, ruwa ne ya ajiye ta can ba tsuntsu ba.

Ma'aikatan suka ce suna da awon ruwan na shekara goma a rubuce, kuma sun bar sarari isasshe. Ɗaya ma ya ce gorunan za su ɓata hoton da za a aika ofis. Aka juyo ana duban Dorothy. Daga baya ta faɗa mini gaskiya, ta ce ita ma lissafinta ta fi yarda da shi. Kunya ce kawai ta hana ta musa wa tsohon da ya taɓa ɗaukar ubanta a kwalekwale, shi ya sa ta ce a bar masa igiyoyinsa. Haka aka bar goruna huɗu suna reto a kusurwoyi, mutane suna tsokanarsa wai ya yi wa sola laya.

Wata biyar komai na tafiya daidai. Firijin allurar rigakafi bai ɗauke ba ko sau ɗaya, mata suka huta da kai markaɗe har Gwada. Sai ga ruwan Agusta, kwana uku ana yi ba ƙaƙƙautawa. Ranar Alhamis da safe Magdalina ta kira ni ta ce mu zo. Ni da Dorothy muka shiga mota, kafin azahar mun isa. Yaya, ga abin da muka tarar. Ruwa ya kai gindin kanyar nan ya wuce, igiyoyin sun miƙe tsam, suna jan farantan ƙasa, har jeri biyu na gefen gabas sun fara nitsewa. Duk gari na tsaye a bakin dam. Mama ma tana wurin da buhu a kanta saboda yayyafi, amma ba ruwan take kallo ba, ta juya baya tana kallon gonarta.

Dorothy ta je ta kashe wutar, ta sa rigar iyo, ta shiga kwalekwalen Baba Kudu. Na so in hana ta, don na san in wani abu ya faru ni za ka tambaya, amma na bar ta, addu'a kawai nake yi. Tsohon ya tuƙa su zuwa gora na farko, ya kwance naɗin, yana sakin igiya a hankali, ita kuma tana riƙe da bakin farantan. Muna kallo gefen da ya nitse ya taso, ruwa na zuba daga kansa. Haka suka bi kusurwa huɗun ɗaya bayan ɗaya, wajen awa biyu. Da suka fito Dorothy ta ce abin da ya rage na igiya ta ƙarshe bai fi kamu biyu ba. Ta durƙusa a cikin taɓo ta gaishe shi, shi kuwa ya ce ta tashi kada ta ɓata wandon bokonta. Na je na taɓa kafaɗar Mama na ce mata sun taso. Ba ta juyo ba, ta ce in sake faɗa.

A watan jiya mutanen ƙungiyar suka dawo, suka duba komai, suka sa hannu a gaban mai gari cewa farantan sun zauna a kan ruwa, ba ruwansu da gonar kowa. Injiniyansu ya ce duk inda za su sake irin wannan aiki za a bar ragowar igiya, kuma za a fara tambayar masuntan wurin. Har daga Kagara wasu sun zo kallo, wai su ma suna da tafki. 'Yarka kuwa yanzu ba ta da hira sai ta dam ɗin Shiroro. Wai in ɗan dam ɗinmu ya haska ƙauye, ina ga in an shimfiɗa a ɗan yankin wannan babban ruwa. Na ce ta fara gama makaranta tukuna. Baba Kudu ne kawai ke da ƙorafi, wai duk kifin dam ya koma inuwar farantan, inda aka hana shi jefa taru, ya ce ya ceci maƙiyansa da hannunsa. Yana faɗa yana dariya.

Josiah yana gaishe ka, Dorothy ma haka, ta ce in ba ka labarin ba tare da na ƙara gishiri ba. Magdalina ta ce a gaishe ka, Baba Kudu kuma ya tambaya ko har yanzu kana tsoron ruwa. Ka gaida Anti Mabel da Edward da Testimony, ka ce wa Shekinah gwaggonta na nan da alkawarin ƙuliƙuli.

Ga saƙon Mama da ya sa na ɗauki biro. Makon jiya aka yi huɗar doya a gonar Baba, an dawo da irinsa gida. Ran nan Mama da kanta ta dafa wa masu gayya abinci, tana waƙar coci, rabon da in ji muryarta haka tun Baba na da rai. Amma layi ɗaya na bakin hanya, wanda Baba ke farawa da shi kowace shekara, ta hana kowa taɓawa. Ta ce naka ne, garmarsa na rataye a rumbu. Na ce mata Mama, shekara huɗu rabon Yaya da gida tun jana'iza, kuma ko ya zo sai Kirsimeti, kafin nan ƙasa ta bushe ta yi tauri. Ta ce ai yanzu akwai famfon jikarta. Kullum da safe za ta riƙa jiƙa layin nan, ƙasar za ta jira ka da laushinta.

Ni ce ƙanwarka,
Hannah.