Zukinin Garzali a Kan Rufin Bene

Al Muntazah, Doha
Watan Fabrairu

Zuwa ga Maman Mufeeda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mufeeda da Inna. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambaye ni abin da ya sa nake rubuta wasiƙa in ɗauki hotonta in turo miki, alhali ga waya. Mu huɗu ne a ɗaki, Haulat. Munzali, ɗan Gusau ɗin nan mai aikin gadi, gadonsa a saman nawa yake, kuma ko tari na yi sai an ji labarinsa har garin Al Wakrah.

Ga abin da ba na so ya ji. Likita ya ce sugana ya hau. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in rage shinkafa da burodi, in dawo a watan Yuli. In bai sauka ba, sai allura. Na san wani direba a wurinmu da aka karɓe wa makullin mota bayan ya fara allurar. Ko doka ce ko ra'ayin manaja ne, ban sani ba, kuma tsoron tambaya nake yi.

Gonar da nake ɗauko wa kaya tana noma wani abu da ake kira zukini. Dangin kabewa ce, amma koriya, doguwa kamar kokwamba. Yanzu da sanyi ta yi yawa, har an ba ni kwando biyu na waɗanda suka lanƙwashe, kanti ba ya karɓa. Da zafi ya shigo gonar za ta daina. Sista Liatu, nas ɗin asibitin, mutuniyar Zonkwa, ta koya mini yadda zan adana.

Na wanke, na cire kai da gindi, na yanka zagaye-zagaye kaurin ɗan yatsa. Na zuba kaɗan-kaɗan a tafasasshen ruwa, ba gishiri, minti biyu kacal, sai in tsame in tsoma a ruwan ƙanƙara. Ta ce in aka daskarar da ita ɗanya, launi da ɗanɗano duk lalacewa suke yi. Na tsane su a kan tsumma mai tsabta, na jera a faranti ba su taɓa juna ba, na sa a firiza, sai da suka daskare na zuba a leda, na zuƙe iskar da tsinken shan lemo. Ina zargin tukunyar farko ta wuce lokaci, don na je ɗauko ƙanƙara. Har yanzu abin yana damuna.

Munzali yana tsaye a bakin kicin yana ce mini Hajiya Garzali, wai yaushe za a kai ni ɗakin miji. Na ci gaba da aikina. Ko da na ba shi amsa?

Ki yi mini addu'a, kada kuma Inna ta ji.

Naki,
Garzali

Al Muntazah, Doha
Watan Yuni, kwana uku bayan Sallah

Maman Mufeeda,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan kun yi lafiya. Na ga hoton Mufeeda da lallenta, Allah ya raya.

Ki yi haƙuri da rubutun, cikin fushi nake yin sa. Kin san mun yi karo-karo mun sayi rago. Ranar Sallah ina bakin aiki, Munzali ne ya karɓo naman daga mayanka. Da ya buɗe firiza ya ga ba wuri, sai ya kwashe zukinina kaf, duk abin da ya rage, wanda na lissafa zai kai ni ranar ganin likita har ya wuce. Bai kira ni ba. Waya tana aljihuna, Haulat!

Kin san inda ya kai su? Rufin bene. Ya farke ledojin, ya baza a kan kwali, wai zai shanya mini kamar yadda babarsa take shanya kuɓewa a Gusau. Abin da aka tafasa, aka daskarar, ruwa ne zalla a cikinsa. Ga iskar garin nan a wannan watan, mutum ya fito daga wanka ma ba ya bushewa. Bai faɗa mini ba, wai so yake in ga abin mamaki. Ni kuma ban leƙa firiza ba, don Sallah ce na ɗan saki jiki. Laifina ne wannan, na yarda. Jiya mai gadin gidan ya ƙwanƙwasa ƙofa yana toshe hanci, yana cewa yalla, yalla, wato maza-maza, a zo a kwashe. Na hau na tarar da wani abu mai yauƙi, launin ruwan kwata, ƙudaje sun rufe shi.

Da na sauko, Munzali yana kwance yana sakace. Ya ce wai don ganye nake huci, ga nama Allah ya kawo. Ya ce da kyakkyawar niyya ya yi, khalas, a bar maganar. Nan na manta da komai. Na ce masa wannan ganyen shi ne tsakanina da allura, shi ne tsakanina da makullin motar da nake ciyar da ku da ita. Na faɗi sunan ciwon da bakina, a gaban kowa, da ƙarfi.

Wata huɗu ina ɓoyewa, na zo na miƙa wa mai bakin da ya fi na kowa tsawo. Abokinsa kuma shi ne mai gadin ƙofar kamfaninmu.

Baba Dogara, babbanmu a ɗaki, ya tashi zaune. Ya dubi Munzali ya tambaye shi a wane gida a Gusau ya taɓa ganin an sa naman layya a ƙanƙara. Ya ce nama soyawa ake yi a tsane a zuba a tukunya, ya yi watanni. Shi kuwa Munzali, abin soyawa ya daskarar, abin daskarewa ya shanya. Ya sa shi ya fito da naman duka, ya wuni a gaban kasko yana zufa. Ban tausaya masa ba, kuma ban taɓa naman da ya miƙo mini ba. Ko na wuce gona da iri? Ban yi tsammani ba. Amma ki faɗa mini.

Yanzu kullum in manaja ya kira sunana sai gabana ya faɗi.

Ki gaida Inna.

Mijinki,
Garzali

Al Muntazah, Doha
Watan Yuli

Maman Mufeeda,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan damina ta sauka muku lafiya. Na ji shawararki, amma ban yarda cewa ni ne mai taurin kai ba.

Na ga likita. Sugan ya sauka, ba sosai ba, amma ya ce babu allura yanzu, in ci gaba da ƙwayoyi. Makulli yana hannuna. Alhamdu lillahi.

Munzali bai faɗa wa kowa ba. Na bincika ta hanyoyi uku, har na ja abokin nasa da hira, bai san komai ba. Wannan ya ba ni mamaki fiye da sakamakon asibitin.

Sai dai kada ki ɗauka na huta. Mako guda bayan abin, na dawo na tarar ya sayo zukini a kanti, da tsadar da take yi yanzu, wai ya gyara mini. Ya zuba gishiri, ya bar ta a wuta har ya gama waya da ƙaninsa, bai sa a ruwan ƙanƙara ba, ya cusa a leda da zafinta. Ta daskare dunƙule guda kamar bulo, sai da taɓarya nake ɓantara. In ta narke kunu ce. Na ci, don ba ni da wata, kuma yana tsaye a kaina yana tambaya ko ta fi tawa daɗi. Na ce ba ta fi ba.

Baba Dogara ya yanke cewa aljihun saman firiza nawa ne. Wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba, yanzu ni ne yaron ɗakin. In na miƙa hannu ga burodi, idanu shida ne a kaina. Shekarata arba'in da ɗaya, Haulat! Jiya na nemi gwangwanin suga don in sa rabin cokali a shayi, rabi kawai, babu shi. Munzali ya leƙo daga gadonsa ya ce in ina so in hau bene in ɗauko, can ya shanya shi.

Ban hau ba. Amma na gaya masa in sanyi ya zo za mu tafasa zukini, shi zai riƙe agogo, minti biyu, kuma wayarsa tana aljihuna har mu gama.

Ki shafa mini kan Mufeeda. Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Garzali