Agogon Baba Ya Ce Lafiya Lau

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya matarka? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Takarda na rubuto na ba direba, don kai in an kira ka a waya ba ka da magana sai "Ina zuwa, Yaya, ina kan aiki." To ga takarda nan, ita ba a ce mata ina zuwa.

Agogon da ka aiko ya iso. Na ɗaura wa Baba, ya juya hannu ya duba, ya ce, "Yaron nan ya san direba ba ya fita ba agogo." Ka ji fa! Sunana ma sai ya laluba, amma bai manta shi direban bas ba ne. Makon jiya a tasha aka tsinto shi da takalmi ƙafa ɗaya, yana tambayar mutane wa ya ɗauke masa mota.

Na gwada yadda ka ce. Na riƙe hannunsa, muna wuce kwanar mai gyaran babur wayata ta hau kururuwa, har mai gyaran ya saki sifana. Wallahi sai da na yi hawaye. Ban yi da-na-sanin sayar da babban keken ɗinkina don wannan aiki naka ba. Yanzu zan zauna a shago in yi ɗinki da idona biyu a kan allura.

Ƙorafi ɗaya gare ni. Wannan Turancin da manhajar agogon ke rubutowa a wayata, cire shi. In Baba yana gida, ta ce mini "lafiya lau" kamar mutum. Tunda ka gama, sai ka huta ka yi ƙiba.

Ka gaida mutanen gida.
Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina lafiya, da Baba da yara. Mu ma lafiya lau.

Na gyara rubutun. Yanzu za ki ga koren fili da "Lafiya lau, Baba yana gida."

Amma Yaya, maganar na gama, ban gama ba. Mutane na ɗauka manhaja gini ce, a ɗora rufi a shiga. Ta fi kama da kiwo, kullum sai ta ci. Agogon yana da layi a cikinsa, layin na shan data. Abin da ya faɗa ba wayarki yake zuwa kai tsaye ba, sai ya bi ta sabar, wata babbar kwamfuta ta wani kamfani da nake haya duk wata. Sannan na Baba guda ɗaya ne da na haɗa da hannuna. Kafin a yarda in sayar wa jama'a sai an kai shi gwaji, an ba ni takardar izini, kuma kowace ƙofa da kuɗinta.

Don in rage tsada, na sa agogon ya yi magana ne kawai in Baba ya ƙetare iyakar da muka shata. Yadda ya kamata shi ne ya riƙa cewa "ina nan" a kai a kai, to hakan na cinye batir da data, ba zan iya ba tukuna. Saboda haka in kin ji shiru, lafiya ke nan.

Na ajiye aikin ofis don in fuskanci wannan sosai, ni da abokina mai haɗa na'urar. Akwai masu zuba jari da za mu gani. Gidaje nawa ne ke da tsoho irin Baba? In Allah ya yarda sai na saya miki keken da ya fi wancan.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙaninki

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan lafiya lau.

Ka ajiye aiki? Kai Auta, Allah ya shirye ka! Da bakinka ka ce kiwo ne, to mai kiwo yana rufe hanyar abincinsa ne? Na yi shiru dai, kai ka yi karatun.

Jikin Baba sai a hankali. Jiya ya kira ni da sunan Inna, ya ce in zuba masa abinci a kwanon tafiya, yana da lodin safe. Na zuba, ya ci a tsakar gida, ya ce hanya ta yi kyau yau. Na shiga ɗaki na yi kukana na fito.

Matar nan da ke zama da shi in na tafi shago, na sallame ta. Da ƙaramin keke ɗinki ba ya gudu, ba zan iya biyanta ba. Ta ce, "Anti, wannan agogon zai ba shi ruwa in ya ji ƙishi?" Na ce ba zai ba shi ba, amma shi ba ya gyangyaɗi. Muka yi dariya, ta tafi. Na gwada kulle ƙofa, sai Baba ya yi ta dukanta yana kuka kamar yaro, na daina. Wayar na jingine jikin gwangwanin zare, in ɗinka in kalla, in ɗinka in kalla. Masu kawo ɗinki har sun saba, suna shigowa su ce, "Ya Baba?" in nuna musu koren.

Matarka ta kira ni. Ta ce ba ka ci, ba ka magana, kuma babur ɗinka ba ya ƙofar gida. Ina babur ɗin, Auta? Gaya mini gaskiya, ni na goya ka.

Allah ya yi maka albarka.
Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, muna lafiya lau. Kada maganar matata ta tayar miki da hankali.

Babur na sayar. Masu wayoyi sun sabunta tsarinsu, manhajar ta daina buɗewa a rabin wayoyin da muke gwaji da su, sai da na ɗauko wani ya taya ni sake rubuta ta. Muna gama wannan, kamfanin da ke yin ɗan guntun lantarkin da ke sarrafa agogon ya daina yin sa. Sabon guntun bai jin yaren tsohon. Abokina ya ce shi yana da iyali, ya koma aikin albashi, kuma ban ga laifinsa ba.

Masu jarin sun saurare ni da kyau, har da ruwan sanyi. Ɗaya ya tambaye ni mutum nawa ke amfani da shi. Na ce mutum ɗaya, mahaifina. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya duba agogonsa.

Yaya, na gaji. Duk inda na toshe sai wani wuri ya ɓulle. Ina kallon kwamfuta in rasa me na zo yi. Na ci kekenki, na ci aikina, abin da ke hannuna agogo ɗaya ne tak. Akwai 'yar matsala da masu sabar, amma zan daidaita da su kafin wata ya ƙare. Ki dai riƙa leƙa Baba in kin samu hali.

Ki yafe mini damunki da na yi.
Ƙaninki

*

Auta,

Sallama. Ba lafiya ba.

Baba ya fita, ba mu gan shi ba. Ranar Talata na bar shi a kan tabarmarsa yana jin rediyo. Ɗinkin kayan makaranta ya sha mini kai, ban leƙo gida da rana ba. Me zai sa in leƙo? Wuni guda wayar na gabana, kore shar. Da na dawo da yamma ƙofa a buɗe, rediyo na ta magana shi kaɗai. Mai gyaran babur ya ce tun da hantsi ya wuce, har ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Na ɗauka wayarki ta yi miki ihun nan nata."

Mun je tasha, mun je asibitoci, mun kai rahoto wurin 'yan sanda, an yi cigiya a rediyo. Wani ɗan kamasho ya ce ya ga tsoho da agogo baƙi ya hau wata doguwar mota, bai san ta ina ba ce.

Ga wayar a cinyata ina rubuta maka. Ka san me take cewa? Lafiya lau, Baba yana gida. Auta, me ke nan? Ka ce agogon ya san inda yake. Ka buɗe kwamfutarka ka gaya mini inda ubanmu yake.

Yayarka

*

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba zan iya ganinsa ba. Masu sabar sun yanke mu tun kafin Talata saboda bashin kuɗin haya, layin agogon ma ya mutu. Agogon bai da hanyar magana, ita kuwa manhajar da ta ji shiru sai ta ci gaba da faɗin abin da na koya mata. Na so in biya a dawo da shi ba tare da kin sani ba. Na je na roƙe su, sun ce ko an dawo da sabar, batir ɗin ya riga ya ƙare.

Cikin makon nan ina hanya. Na zauna na rubuta gyaran, aikin da bai kai wuni ba. Daga yanzu in hanyar maganar agogon ta yanke, fuskar wayar za ta koma ja, ta ce "Ba labari." Ina isowa zan sa miki.

Ƙaninki

*

Auta,

Sallama. Ka taho, ka zo da tsofaffin hotunansa da ke wurinka, waɗanda fuskarsa ta fito sosai. Har yanzu shiru.

Amma kada ka taɓa mini waya. Ka bar gyaranka a kwamfutarka. Duk wanda ya shigo gidan nan haƙuri yake ba ni, ita kaɗai ta rage da ke ce mini Baba yana gida.

Allah ya kawo ka.
Yayarka