Sunan da Hadijatu Ba Ta Faɗa

Greensboro, Amurka

Zuwa ga Yaya Daso,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa. Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Kullum na taso daga makaranta a Summerfield muryata a dushe take, ga darasin yamma yana jirana.

Maganar 'yarki Hadijatu ce ta sa na rubuto. Kin san tana ajin Turanci na manya a cikin gari, kusa da tashar bas, kuma sai ta ci jarrabawarsa za a ɗauke ta koyon aikin jinya. A gida ni ke yi mata bita. Na nuna mata jimlar Turanci takan fara da mai yin aiki, sai aikin, sai wanda aikin ya faɗa wa. Na bambance mata suna gama-gari, kamar gari ko yaro, da sunan yanka, kamar Katsina. Yaya, yarinyar nan kanta na ja. Shi ya sa na yi mamaki da malamarsu, Celina, ta kira ni ta ce Hadijatu ba ta gane sunan yanka ba, ƙila ta maimaita aji.

Ashe aikin da ake ba su shi ne kowa ya gina jimla a kan iyalinsa. In aka zo kan Sirajo sai ta rubuta maigida, in aka zo kan Saifullahi sai ta rubuta yaron. Da malamar ta tambaye ta sunan mijin da baki, sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na yi wa Celina bayani cewa a wajenmu mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗan fari. Ta fahimta, har ta ba da haƙuri, amma ta ce mai jarrabawar baƙo ne, kuma zai tambaya. Na ce wa Hadijatu ta ƙirƙiri suna mana, ko Eric ne. Ta ce haba Anti, ita ba za ta auri wani ƙato ba ko a takarda. Na yi dariya, amma na rasa dabara. Shi kansa Sirajo ya ce ya yafe, ta ce ai ba shi take jin kunya ba.

Ranar jarrabawa na jira ta a mota. Ta fito idonta jawur. Ta ce ta faɗi sunayen biyu, jimlolinta sun yi daidai, ta ci. Sannan ta ce, “Anti, don Allah kada Inna ta ji.”

Na ce mata ba na ɓoye miki komai. Tun ranar ba ta da walwala, ko murnar cin ba ta yi ba. Tawa koyarwar ta ƙare a nan, Yaya, saura taki. Ki kira ta, ki ce mata ba ta zubar da tarbiyyarki ba. Daga bakinki kaɗai za ta yarda.

Ki gaishe min da Alhaji, da Khairiyya, da Abdurrahim. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Hafiza