Rumbun Yusufu Aka Fasa Mana, Ba Tsafi Ba

Zuwa ga Hajiya, Shugabar Makarantarmu,

Ranki ya daɗe. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da dukan malamanmu.

Sunana Rahila, ina aji biyu na babbar sakandare, daga wani ƙauye a gefen Roni. Na san ba ki san muryata ba, domin ko a aji sai malami ya kira sunana nake ɗaga kai. Na zo ƙofar ofishinki don in faɗi wannan magana da baki, na tsaya har aka kaɗa ƙararrawa, na kasa shiga. Na rubuta a fili ne saboda a fili aka kunyata mu.

Na ɗaya, abin da muka gina. Mu ɗalibai Kiristoci ba mu da yawa a makarantar nan, kuma Malama Rifkatu ce kaɗai ke koya mana ilimin addinin Kirista, a gindin darbejiyar da ke bayan laburare. A wannan zangon ta ce tarihin Masar ta dā ba hadda kawai za mu yi masa ba, sai mun taɓa shi da hannu. Mun karanta a Littafin Fitowa cewa Fir'auna ya hana Isra'ilawa ciyawa, amma ya ce kada yawan tubalinsu ya ragu. Sai Malama ta sa muka yi tubali iri biyu, wani da ramno, wato yankakkiyar ciyawar da ake cuɗawa da ƙasar gini, wani kuma ƙasa zalla. Da suka bushe, na ƙasa zalla duk suka tsattsage. Ranar ce na gane girman zaluncin da nake karantawa tun ina ƙarama.

Bayan haka muka gina ɗan rumbu da tubalan masu ramno, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, don mu nuna yadda Yusufu ya tara hatsi a shekarun ƙoshi. Muka ɗora shi a kan duwatsu saboda gara, kamar yadda kakana ya nuna mini da hutu, shi ne ma ya ba ni ramnon. Muka shafe shi da jar ƙasa, muka yi masa jinka, muka zuba gero a ciki. Ƙawata Hadiza, Musulma 'yar Babura, ita ta riƙa taya ni ɗebo ruwan kwaɓi, tana ba ni labarin Annabi Yusuf yadda aka koya mata a Islamiyya.

Na biyu, abin da aka yi mana. Mataimakinki ya bi ta wurin ya ga rumbun. Bai tambayi Malama ba, bai tambayi ko ɗaya daga cikinmu ba. Ya kira shugabannin ɗalibai ya sa suka farfasa komai. Washegari a taron safe ya kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, muka fito gaba, ya ce 'ya'yan Maguzawa sun kafa tsafi a makaranta. Ya ce jan da ke jikin rumbun jinin kaza ne, geron kuma abincin iskoki. Hajiya, kina tsaye a wurin. Ke ce kika ba Malama gindin bishiyar nan, kuma kin san ta nemi izini kafin mu fara. Na yi ta kallon bakinki ina jiran kalma ɗaya, ba ki ce komai ba.

Na uku, abin da ya fi ƙona mini rai. Gaskiya ne kakannina Maguzawa ne, ba na ɓoye wannan. Amma kakana ya bar tsafi tun ba a haifi babana ba, kuma a kan haka 'yan uwansa suka daina cin abinci tare da shi. Abin da ya sha wuya ya rabu da shi, shi aka ɗauko aka liƙa wa jikarsa a gaban jama'a. Yanzu in na je famfo, yara kan janye bokitansu daga kusa da nawa. Hadiza tana gaishe ni, amma sai ta waiga tukuna. Na gaya wa kakana ya zo ranar ziyara ya ga rumbunmu, har ya ce zai duba ko na iya ɗaurin jinka. Me zan ce masa? Shi kuwa mataimakinki, mutumin da ya girma a ƙasar nan, wanda a gidansu ma akwai rumbu, ta yaya zai ga rumbu ya kasa gane shi? Sunayenmu ya kalla, bai kalli ginin ba.

Na huɗu, Malama. An dakatar da ita, aka ce sai an yi bincike. Har yau ba a kira ko ɗalibi ɗaya an yi masa tambaya ba, kuma mun ji ana shirin mayar da ita wata makaranta. In ta tafi, babu mai koya mana wannan darasi, ga jarrabawar fita tana jiranmu baɗi. A lokacin darasinta yanzu zama muke yi muna kallon ɓaraguzan.

Don haka ina roƙonki, ranki ya daɗe, a mayar mana da Malama Rifkatu kafin a sa hannu a kan tafiyarta. A kira mu a tambaye mu, har da Hadiza in ta yarda. A taron safe aka ce mu matsafa ne, to a taron safe a faɗi cewa ba haka ba ne. Kuma a bar mu mu sake gina rumbun kafin ranar ziyara. Ƙasa da ruwa kawai muke bukata.

A cikin ɓaraguzan na tsinci tubali ɗaya mai ramno, an maka shi da ƙasa amma bai fashe ba. Yana cikin akwatina. Ranar Litinin zan kawo miki shi ki shinshina, ki kankare jan da farce, ki gani ko jini ne. Wannan karon zan shiga.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba ki ikon yin adalci tsakanin 'ya'yan da aka ba ki amana.

Wassalam.

Ɗalibarki,
Rahila